Ƙananan Mafarautan Kududdufi

 Yau shirin zai gangara bakin kududdufi ne, wajen wasu ƙwari da kusan kowa ya taɓa ɗebo su a bokiti ko a ƙwarya, amma da wuya a sami wanda ya tsaya ya dube su da kyau. Su ne ƙananan ƙwarin nan masu nutso, masu santsin baya, waɗanda za a ga sun taso saman ruwa, sun taɓa shi da gindi, kafin a ƙifta ido sun koma ƙasa. Yawancinsu ba su wuce girman ƙwayar riɗi ba, manyan cikinsu su kai ƙwayar shinkafa. Duk wannan ƙanƙanta, nama suke ci, kuma tsutsar sauro na cikin abincinsu.

Masana ilimin ƙwari suna kiran danginsu Dytiscidae. An rubuta nau'i fiye da 4,000 a cikin wannan dangi, kuma ana samun su a kowace nahiya in ban da Antatika. 'Yan'uwan buzuzu ne na nesa, wato ƙwari masu ƙoƙon baya, waɗanda fukafukansu na sama suka taurare suka zama murfi, na tashi kuma suke naɗe a ƙarƙashi. Akwai ƙarti a cikin dangin. Wanda ake kira Dytiscus latissimus a Turai yana kai santimita 4 da rabi. A ƙasashenmu ma akwai Cybister, baƙi mai shigen kore da ratsin rawaya a gefe, mai santimita 2 zuwa 3, wanda kan faɗo gindin fitila da damina har yara su yi ta tsokanarsa da tsinke. Sai dai ƙartin ba su ne masu yawa ba. Fiye da rabin nau'in dangin suna cikin reshe guda da ake kira Hydroporinae, kuma akasarin 'yan wannan reshe ba su kai milimita 5 ba. A kansu shirin yau zai fi tsayawa.

Wanda yake son ganinsu ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Matacin shayi ko tsohuwar rariya da aka ɗaura a bakin sanda, da farin faranti mai ɗan zurfi, sun isa. A tsaya a gaɓa, a zura matacin cikin ciyawar da ke bakin ruwa, a kaɗa shi sau uku ko huɗu kusa da laka, sannan a juye abin da ya kamo cikin farantin da ɗan ruwa mai tsabta. Da farko ba za a ga komai ba sai dattin ganye. A yi haƙuri minti ɗaya. Can sai wasu ɗigo-ɗigo su fara fitowa daga cikin dattin suna zagaya farantin da sauri, su tsaya cak, su sake zabura. Kyamarar waya, idan aka matso da hoton, tana nuna su sarai.

A nan akwai gargaɗi ga iyaye da malaman makaranta. A yi wannan aiki daga gaɓa, kada a shiga ruwan. Kududdufai da magudanan noman rani su ne matattarar ƙananan katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya, kuma ta fata take shiga jikin mutum. Ban da haka, ramukan da aka haƙi ƙasar gini sukan yi zurfin da ido ba ya gani. Ƙwarin kansu ba su ɗauke da tsargiya, ƙananan kuma ba su da ƙarfin huda fatar mutum.

To, yaya ake gane cewa abin da ke cikin farantin ɗan wannan dangi ne? A fara da sura. Jikinsa zagayayye ne mai ɗan tsawo, kai da ƙirji da baya sun haɗu sumul, babu wuya, babu lungun da ruwa zai riƙe. Sai ƙafafun baya: sun fi sauran tsawo, sun baje, kuma gashi ya jeru a gefensu. Idan ya tura ƙafar baya sai gashin ya buɗe ya kama ruwa, idan ya jawo ta sai ya kwanta. Ƙafafun biyu tare suke bugawa, kamar mai kwalekwale da ya riƙe filafili biyu, shi ya sa tafiyarsa take miƙewa ɗoɗar babu tangaɗi. A goshinsa akwai 'yan ƙahoni biyu sirara kamar zare, kowanne da gaɓa 11. Alama ta ƙarshe, wadda ta fi sauƙin gani ko daga tsaye, ita ce yadda yake shan iska. Kai a ƙasa, gindi a sama.

Wannan alama ce ke raba shi da maƙwabcinsa da aka fi rikita su, ɗan dangin Hydrophilidae. Shi wancan da kai yake tasowa, ƙahoninsa gajeru ne masu kumburi a ƙarshe, cikinsa na walƙiya kamar azurfa saboda iskar da ta lulluɓe shi, kuma yana kaɗa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, sai tafiyar ta zama kamar ta mai rarrafe a ruwa. Babbansa ma ruɓaɓɓen ganye ya fi ci. Akwai kuma baƙaƙen nan da ke ta juyi a saman ruwa gungu-gungu, su ne Gyrinidae, masu ido rabe biyu, rabi na kallon sama rabi na kallon ƙasan ruwa. Wani kuma da ake yawan kamowa yana iyo a rigingine, ciki a sama. Wannan ba mai ƙoƙon baya ba ne sam, bakinsa tsinke ne, kuma yana iya sokar yatsa, don haka a bar shi ya yi tafiyarsa.

Idan ido ya saba, sai a fara rarrabe ƙananan su kansu. Wanda aka ɗora a tafin hannu ya yi tsalle ya dire gefe, to, mai yiwuwa Laccophilus ne. Tsawonsa milimita 3 zuwa 6, bayansa na da zane mai kama da igiyar ruwa, ruwan ƙasa da rawaya, wani lokaci da ɗan kore idan yana da rai. A shekarar 2015 wasu masana uku daga Finlan da Suwidin, Olof Biström da Anders Nilsson da Johannes Bergsten, sun sake bin diddigin wannan zuriya a Afirka, suka tantance nau'i fiye da 100 a nahiyar kaɗai. Wanda ya yi ƙiba ya dunƙule, sama da ƙasa duk a kumbure, Hyphydrus ne. Wanda ya dunƙule amma gindinsa ya yi tsini, kuma ya fi son kutsawa cikin laka da saiwar ciyawa, Hydrovatus ne. Sai 'yan mitsi-mitsin da ba su wuce milimita 2 ba, masu launin rawaya da baƙin zane, irin su Hydroglyphus, waɗanda sukan cika ɗan ruwan da bai kai idon sawu ba a bakin yashi. Da gilashin ƙara girma za a ga wani ɗan tsagi a kowane gefen ƙirjinsu, wanda ya gangara kan murfin baya.

Daga nan kuma aikin ya fi ƙarfin farin faranti. Nau'i biyu na iya yin kama da juna har ƙwararre ya kasa raba su da ido, sai ya fito da al'aurar namijin ya duba surarta a madubin kimiyya. Da irin wannan aiki na haƙuri Bafaranshen nan Félix Guignot ya rubuta babban littafinsa a kan ƙwarin ruwan Afirka, wanda ya fito tsakanin 1959 da 1961, kuma har yau masana na komawa gare shi.

Mu dawo kan shan iska, domin a nan hikimar halittarsu ta fi fitowa. Ƙwaron nan ba shi da abin numfashi irin na kifi. Iskar sarari yake shaƙa, ta wasu ƙananan ƙofofi da ke jere a bayansa ƙarƙashin murfin fukafukai. Idan ya taso ya ɓula saman ruwa da gindi, yana ɗan ɗaga murfin ne, tsohuwar iska ta fita, sabuwa ta shiga ta cika sararin da ke tsakanin murfin da bayansa. Da wannan guzuri yake nutsewa. Sau da yawa za a ga ɗan kumfa maƙale a gindinsa yana ƙyalli, kuma wannan kumfa yana da aikin da ya wuce ajiya. Yayin da ƙwaron ke cinye oksijin ɗin da ke cikinsa, wani oksijin da ya narke a ruwa yana ratsowa ya maye gurbi, sai guzurin ya daɗe fiye da yadda girmansa ya nuna. Amma sauran iskar da ke cikin kumfan tana narkewa a hankali, kumfan ya yi ta raguwa, dole a sake hawa sama. Ruwan da rana ta gasa oksijin ɗinsa kaɗan ne, ga jikin ƙwaron na ƙara buƙata da zafi, shi ya sa da tsakar rana a watan Satumba za a ga suna ta safa da marwa tsakanin laka da saman ruwa.

Ƙanƙanta tana da riba a nan. Wasu masana biyu a Jamus, Siegfried Kehl da Konrad Dettner, sun nuna a shekarar 2009 cewa wani ƙaramin nau'i na ƙoramun duwatsun Turai, Deronectes aubei, yana iya shafe makonni a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya taso ba. Murfin bayansa cike yake da wasu ƙananan gashi masu ɗibar oksijin kai tsaye daga ruwa. Ƙato irin Cybister ba zai iya rayuwa da haka ba, jikinsa ya yi yawa.

Ina suke zama? Ruwa mara zurfi, mara gudu, mai ciyawa a baki. Kududdufin bayan gari, fadama, gonar shinkafa irin ta Kura da Kadawa, dausayin Haɗeja da Nguru, gaɓar tafkin Madarunfa, bakin Tafkin Cadi, har da kwamin shayar da dabbobi idan ruwan ya kwana biyu. A babban ruwa kamar madatsar Tiga ba a tsakiya ake nemansu ba, a gefe ne, cikin kainuwa da bado da saiwar ciyawa. Dalili shi ne kifi. Inda kifi ya yi yawa kuma babu maɓoya, ƙwarin nan kan yi ƙaranci, inda babu kifi kuwa su ne sarakunan farauta. Saboda haka ruwan da ke cika da damina ya ƙafe da rani, wanda kifi ba ya iya zama a ciki, shi ne gidansu na gaske.

Akwai waɗanda suka kauce hanya ƙwarai. A yammacin Ostareliya, a yankin Yilgarn mai tsananin fari, masu bincike da suka riƙa zura raga cikin rijiyoyin burtsatse tun ƙarshen shekarun 1990 sun fito da nau'i kusan 100 da ke rayuwa a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ba su da ido, ba su da fukafukan tashi, launinsu ya koɗe. A cikinsu ne ake samun mafi ƙanƙanta a dangin duka, Limbodessus atypicalis, wanda bai cika milimita 1 ba.

Tambayar da mai lura zai yi ita ce: ramin da jiya ƙura ce a cikinsa, yau an yi ruwan farko, jibi kuma ga ƙwari na iyo, daga ina suka fito? Mafi yawansu tashi suka yi. Ƙwaron nan gwanin tashi ne. Yakan hau tsinken ciyawa, ya bushe, ya zubar da ruwan da ya tara a ciki don daidaita nauyinsa, ya buɗe murfi ya kama iska, galibi da magariba ko da dare. Daga sama, ba da ƙamshi yake gane ruwa ba, da ido ne. Hasken da ya daki shimfiɗaɗɗen ruwa ya dawo yana da wani tsari na musamman da idon mutum ba ya rarrabewa, idon ƙwaron kuwa yana gani. Matsalar ita ce akwai abubuwan da mutum ya ƙera masu maido da haske da irin wannan tsari. Masu bincike a ƙasar Hungari, György Kriska da Gábor Horváth da abokan aikinsu, sun nuna a shekarar 2006 cewa baƙar mota da jar mota suna yaudarar ƙwarin ruwa fiye da fara ko rawaya. Baƙar leda da aka shimfiɗa, da sabuwar kwalta, da gilashin sola, duk suna yin haka. Direban da ya tarar da ƙananan ƙwari na birgima a kan murfin injinsa da sassafe, to, baƙi ne da suka ɗauki motarsa tafki.

Da sun sauka a ruwan gaskiya, sai batun haihuwa. Bayan mace santsi gare shi, ga ruwa, don haka namiji yana da wasu gashi masu mannewa a tafin ƙafafunsa na gaba, da su yake riƙe ta. A manyan nau'i kamar Cybister tafin ya baje ya zama faifai, ana ganinsa da ido, kuma da shi ake gane namiji. A ƙananan ɗan faɗi kawai yake yi. Macen babban nau'i takan tsaga karan ciyawar ruwa ta cusa ƙwai a ciki. Ƙananan da yawa manna ƙwan suke yi ɗaya-ɗaya a jikin ganye ko saiwa, wasu su sake shi cikin laka. A ruwa mai ɗumi, cikin 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Abin da ke fitowa bai yi kama da iyayensa ko kaɗan ba. Tsutsa ce doguwa, mai ƙafa shida, da kai mai tauri, da 'yan jela biyu a gindi. Duk wanda bai sani ba zai rantse wata halitta ce daban. Kuma a wannan mataki ne ake yin ɓarnar gaske, domin tsutsar ba ta da aiki sai ci. A gaban kanta akwai fiƙoƙi biyu masu lanƙwasa, kowanne da kwararo a cikinsa. Idan ta cafke abin farauta, ta cikin kwararon take tura wani ruwa mai narkar da nama, ta jira cikin abin ya zama romo, sannan ta zuƙe ta hanyar da ruwan ya bi. Abin da take yarwa ɓawo ne kawai. Wanda ya sa irin wannan tsutsa a kwalba tare da tsutsar sauro zai iya kallon abin da idonsa: tsutsar sauron za ta yi ta mutsu-mutsu na ɗan lokaci, ta yi laushi, launinta ya canja, a ƙarshe ta koma fatar da haske ke ratsawa. Idan abinci ya yanke, tsutsotsin ba sa jin kunyar cin junansu.

Tsutsar ƙananan nau'i na reshen Hydroporinae tana da alamar da ke raba ta da ta manya. Goshinta ya miƙe gaba ya zama ɗan hanci, fiƙoƙin kuma daga ƙasa suke tasowa su matse abin farauta a jikin wannan hanci. Kamun ya dace da abincinta, wato ƙananan halittun ruwa masu ɓawo da ke zillewa idan aka kama su ta gefe, da jajayen tsutsotsin cikin laka, da sabbin ƙyanƙyasar sauro. Manyan tsutsotsi sukan taso su rataye da gindi su sha iska, ƙananan kuwa, musamman a farkon rayuwa, ta fata suke samun abin da ya ishe su.

Fatar tsutsa ba ta miƙewa, don haka girma sai da saɓa. Mataki uku take bi, kowanne ya fi na baya girma da ci. Idan ta cika mataki na uku ta ƙoshi, sai ta yi abin da ba a zata ga halittar ruwa: ta fita daga ruwan. Takan rarrafa ta hau gaɓa, ta sami ƙasa mai laima ƙarƙashin dutse ko ruɓaɓɓen ganye, ta haƙa ɗan ɗaki ta shafe bangonsa, ta kwanta a ciki. A nan take sake saɓa ta zama wani farin abu mara motsi, ƙafafu da fukafukai a naɗe a jikinsa. Kwanaki kaɗan zuwa mako biyu, gwargwadon zafi, sai cikakken ƙwaro ya fito. Da farko fari ne fat, jikinsa da taushi, yakan ƙara kwana a ɗakin har ƙoƙon ya taurare launi ya zauna, sannan ya fasa ya gangara ruwa.

Wannan mataki na kwanciya a gaɓa shi ne lagonsu, kuma shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Tankin siminti mai miƙaƙƙen bango yana iya karɓar manyan ƙwari da suka sauko daga sama, har su yi ƙwai, amma tsutsar ba ta da inda za ta fita ta kwanta. Gaɓar da garken shanu ke tattakewa safe da yamma ma haka, ana murƙushe ɗakunan. Ambaliyar da ta zo ba zato ta rufe gaɓa takan nutsar da su. Sauro kuwa ba ruwansa da gaɓa, duk matakansa a cikin ruwa yake gama su.

A ƙasashen sanyi irin na Turai, yawancin nau'in zagaye ɗaya suke yi a shekara, su wuce hunturu a matsayin manya. A ƙasa mai zafi abin ya fi sauri, daga ƙwai zuwa babba cikin 'yan makonni, kuma dole ne ya yi sauri, domin kududdufin da ya cika a Yuli yana iya zama busasshiyar laka kafin Disamba. Idan ruwan ya fara ja da baya, manyan sukan tashi su nemi wanda bai ƙafe ba, madatsun ruwa, magudanan noman rani, gurbin kogi. Wasu kuma sukan lafe cikin danshin laka su jira.

Babban ƙwaro, ba kamar tsutsarsa ba, tauna abinci yake yi, kuma ba ya ƙin mushe idan ya samu. Shi ma abincin wasu ne: kifi, kwaɗi, tsuntsayen bakin ruwa. Amma bai zo hannu rabbana ba. A bayan kansa akwai wasu jakunkuna masu fitar da farin ruwa idan an matsa shi. Masana a Jamus sun gano tun shekarun 1960 cewa a wasu nau'in wannan ruwa na ɗauke da sinadarai masu sa kifi ya tofar da ƙwaron, ko ma ya yi sanyi kamar an ba shi maganin barci. A gindinsa kuma akwai wasu jakunkunan daban masu fitar da maganin ƙwayoyin cuta. Lokaci-lokaci yakan fito daga ruwa ya shafe jikinsa da shi da ƙafafun baya, don kada gansakuka da ƙwayoyin cuta su manne masa.

Sai batun sauro, wanda shi ya fi shafar kowane gida. Nijeriya ce ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Sauron da ke yaɗa shi, Anopheles, ya fi son ƙananan ruwaye masu samun rana, wato daidai irin wuraren da ƙwarin nan ke sauka. A shekarun 1970 masanin sauro ɗan Ingila, Michael Service, ya bi rayuwar tsutsar wannan sauro a gonakin shinkafa da ƙananan tafkuna a yammacin Kenya. Ya tarar fiye da kashi 90 cikin 100 suna mutuwa kafin su yi fiffike, kuma maharan cikin ruwa, har da waɗannan ƙwari, suna da babban hannu a ciki. Ya kuma lura da wani abin da ya kamata manomin shinkafa ya riƙe: inda aka yi feshin maganin ƙwari, sauro da maharansa duk sun mutu, amma sauron ne ya riga dawowa, ya tarar babu mai cinsa.

Dalilin a bayyane yake. A ruwa mai ɗumi sauro kan gama zagayensa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma, ƙwaron nutso kuwa sai ya yi makonni, kuma sai da gaɓa. Duk abin da ya share ruwan gaba ɗaya, sauro ya yi wa gata. Baƙin man inji da wasu ke zubawa a kududdufi yana toshe numfashin tsutsar sauro, gaskiya ne, amma yana toshe na duk mai tasowa shan iska, ga gurɓata ruwan da dabbobi ke sha. Inda hukumomin lafiya ke amfani da maganin Bti, wanda ake samu daga wata ƙwayar bakteriya, lamarin ya bambanta, domin shi tsutsar sauro da danginta yake kashewa, ya bar masu ƙoƙon baya.

Kada kuma a ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba. Sawun kofato da ruwa ya kwanta a ciki, da tsohuwar taya, da gwangwani, sauro na gama haihuwa a cikinsu tun kafin wani mafarauci ya iso. Waɗannan sai an cike ko an kifar. Gidan sauro mai magani da zuwa asibiti da wuri suna nan a matsayinsu. Abin da ƙwarin ke yi shi ne rage yawa a ruwan da ya daɗe, kullum, ba tare da an biya ko sisi ba.

Masu kiwon tarwaɗa kuwa suna da ƙorafi, kuma ƙorafinsu na da tushe. Tsutsar Cybister tana iya kai tsawon yatsa, kuma a tafkin rainon 'ya'yan kifi tana iya cin ƙananan da ba su wuce kwanaki da ƙyanƙyashewa ba, ɗaya bayan ɗaya. Cizonta ma yana da zafi, don haka kada a kama ta da hannu. Maganin abin shi ne a rufe tafkin raino da raga mai ƙananan ido, don iyayen daga sama suke saukowa da dare, a tace ruwan da ake shigarwa, a kashe fitilar da ke kusa da tafkin, kuma kada a cika tafki a bar shi ya daɗe kafin a zuba 'ya'yan kifin. 'Yan mitsi-mitsin da ba su wuce milimita 2 ko 3 ba, waɗanda za a gani suna kai da komo a gefen tafkin, ba su ne masu laifin ba. Da kifin ya ɗan tasa, shi ne zai koma yana farautarsu.